Kirikasamma a Wutsiyar Waya: Tarihin Jiran Wuta a Ƙasar Haɗejiya

Ƙaramar hukumar Kirikasamma tana gabas da birnin Haɗejiya, a inda kogi ke rarrabuwa ya bazu cikin fadamu kafin ya nufi Nguru da Gashuwa. Tana cikin ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗejiya, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 190,000. Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa ne ke zaune a cikinta, suna noman shinkafa da alkama da barkono, suna su, suna kiwo. Abubuwa biyu da rayuwar wannan yanki ta rataya a kansu, ruwan kogi da wutar lantarki, duk ta Kano suke biyowa, kuma duk sai sun ratsa hannun wasu kafin su iso. Wanda ke Marma ko Madaci ko Baturiya ba shi ke buɗe ƙofar dam ba, ba shi ke raba wuta ba. Abin da na gaba suka rage shi yake samu.

Wutar lantarki ta daɗe a Najeriya, don tun 1896 aka kunna ta a Legas. Sai dai fiye da rabin ƙarni bayan nan, ta manyan birane ce da unguwannin Turawa, kowane gari da injinsa. A farkon shekarun 1950 hukumar lantarki ta ECN ta karɓi ragamar waɗannan injuna, a 1962 aka kafa hukumar madatsun kogin Neja, a 1968 kuma aka kammala Kainji, wadda aka ɗora wa injuna masu ƙarfin megawat 760. A 1972 aka haɗe hukumomin biyu suka zama NEPA, sunan da har yau bai bar bakin mutane ba ko da yake hukumar ta daɗe da rasuwa. Jebba ta biyo baya a 1985, Shiroro a 1990. Abin lura a nan shi ne wutar babban layin da Arewa ta fara dogaro da ita ta ruwa ce, ba hayaƙi ba toka. Tsabtataccen makamashin da ake ta taro a kansa yau, da shi aka faro. Daga baya ne tashoshin iskar gas na Kudu suka rinjaya, har ya zama kusan kashi uku cikin huɗu na wutar ƙasar daga gare su take fitowa.

Amma ko ta ruwa ce ko ta gas, tushenta na nesa. Wutar da za ta haska ƙwai ɗaya a Kirikasamma sai ta taso daga Shiroro ko gaba da nan, ta hau babban layi mai kilobolt 330 zuwa Mando a Kaduna, ta wuce Kumbotso a Kano. A can a rage mata ƙarfi zuwa 132 a turo ta tashar Haɗejiya, sannan a sake rage ta zuwa 33 ta bi dogayen layukan karkara, daga wannan gari zuwa wancan, har taransifomar unguwa. Shekaru da dama layi ɗaya tal ne ya haɗa Kaduna da Kano. A kowace gaɓa wani abu na iya faruwa, kuma duk abin da ya faru, na ƙarshe shi ke fara ji, shi ne kuma na ƙarshen samun gyara. Dogon layi yana shanye ƙarfin wuta, shi ya sa a ƙauyukan wutsiya ake iya cewa an kawo wuta alhali ko fanka ba za ta juya ba.

A ɓangaren ruwa ma labarin ya yi kama. Gwamnatin Audu Bako ta gina Tiga a kan kogin Kano, aka kammala ta a 1974, sannan madatsar Calawa ta zo a 1992. An yi su ne domin noman rani da ruwan sha na Kano, ba domin lantarki ba. Kafin su, kogin Haɗejiya kan cika ya yi ambaliya da damina, ya janye da rani ya bar laka mai albarka. Bayan su sai ruwa ya koma gudana kusan duk shekara, kaɗan-kaɗan, kuma irin wannan ruwan ne ciyawar kacala ke so. Ta toshe magudanai, ta karkatar da ruwa, ta cinye gonaki a gefen mashigin Marma, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki. Wasu garuruwa ruwa ya yi musu yawa, wasu ya daina zuwa musu. Shekaru da yawa bayan haka gwamnatin jihar Kano ta ɗora wa Tiga injin lantarki mai megawat 10, domin amfanin Kano. Mutanen ƙasan kogi sun ɗauki nauyin dam ɗin tun 1974, wutarsa kuwa ba a lissafa da su ba.

Lokacin da yankin ke cikin tsohuwar jihar Kano, hukumar samar da wutar karkara ce ke kai wuta garuruwa, wani wuri da injin gas, wani wuri da jan waya. Gwamnatin Abubakar Rimi, daga 1979 zuwa 1983, ta ba wannan aiki ƙarfi, hukumar raya karkara ta DFRRI ta zamanin Babangida ta ɗora daga 1986. Da aka ƙirƙiro Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991, sabuwar jihar ta gaji turaku da wayoyi, ba ta gaji tashar samar da wuta ko ɗaya ba. Daga nan aka shiga salon da kowa ya sani: ɗan siyasa ya yi alƙawarin taransifoma, a kafa turaku, a yi bikin buɗewa, iskar farkon damina ta kayar da biyar daga ciki, a shekara ana jira. A ƙasar fadama gyaran ya fi wuya, domin akwai watannin da motar ma'aikata ba ta isa wurin da layi ya faɗi sai dai kwalekwale. Layin da ya daɗe babu wuta kuma, ɓarayin waya sun san da zamansa.

Abin da ya riƙe tattalin arzikin yankin a waɗannan shekaru ba wutar NEPA ba ce, man fetur ne. Tun shekarun 1980 hukumar raya aikin gona ta Kano, KNARDA, ta fara yaɗa 'yan rijiyoyin bututu da ƙananan injunan ban-ruwa, shirin Fadama na Bankin Duniya ya faɗaɗa abin a shekarun 1990, jigo ya kau. Mai niƙa, mai casar shinkafa, mai walda, daga baya mai cajin waya da mai gidan kallon ƙwallo, kowa da injinsa. Idan aka haɗa ƙarfin waɗannan ƙananan injuna wuri ɗaya, su ne ainihin tashar wutar Kirikasamma, kuma tallafin mai ne ya ɗauke ta. Ba wanda ya zauna ya tsara haka. Kowa ya nemi mafitarsa, gwamnati kuma ta ga kamar matsalar ta yi sauƙi.

Jigawa na cikin jihohin da suka fara gwada hasken rana da gaske. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki aka kafa asusun makamashi na jiha mai suna JAEF, wanda ya haɗa hannu da wata ƙungiyar Amurka, SELF, da tallafin gwamnatin Amurka. A 2004 aka kammala aiki a ƙauyuka uku, ciki har da Wawan Rafi da Ahoto: famfon ruwa, asibiti, makaranta, masallaci, fitilun titi, da rumfunan sana'a inda tela da wanzami ke samun wuta. A lokacin farantin sola yana da tsadar gaske, kuma mutane da yawa ba su taɓa ganinsa ba. Aikin ya nuna abin zai yiwu. Shekarun da suka biyo baya, a faɗin Arewa, su suka nuna inda gizo ke saƙa. Faranti kan kai shekara 20 yana aiki, batirin da ake haɗa shi da shi kuwa, a zafin watan Afrilu na ƙasar nan, da wuya ya wuce shekara biyu ko uku. Kasafin kuɗi yana da layin sayen sabo, ba shi da layin canjin batir. Fitilun titin da suka mutu a tsaye a garuruwanmu, yawancinsu farantinsu lafiya lau yake.

A matakin ƙasa kuwa an yi ta sauya suna. Dokar 2005 ta rushe NEPA ta kawo PHCN, ta kuma kafa hukumar sa ido ta NERC da hukumar wutar karkara ta REA. A ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa, Kano da Katsina da Jigawa suka faɗa hannun KEDCO, wanda rabonsa a ƙa'ida kashi 8 ne cikin 100 na wutar ƙasa. Ƙasar kuma, mai mutum sama da miliyan 200, abin da ke hawa layinta a yawancin ranaku tsakanin megawat 4,000 ne da 5,000. Mai karatu ya yi lissafin abin da zai kai jihohi uku, ya cire na masana'antun Kano, ya ga abin da ya rage wa layin karkara. Ba sai an zargi kowa da mugunta ba. Ɗan kasuwar da ke sayen wuta ya sayar, inda mita take kuma ake biya nan zai fara kai ta. A Afrilun 2024 wannan tsari ya ƙara fitowa fili, aka ɗaga kuɗin layukan rukunin A daga kusan naira 68 zuwa 225 a kan kowane ma'auni, bisa alƙawarin awa 20 a rana. Layukan karkara suna can ƙasan jerin.

Manyan shirye-shiryen makamashi mai tsabta na Arewa suna da nasu tarihin, kuma ba mai daɗin ji ba ne. Tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina, mai megawat 10 da injuna 37, tun Umaru Musa 'Yar'aduwa na gwamna aka ɗauko maganarta. A Disambar 2012 aka sace injiniyan Faransa Francis Collomp a Rimi, aiki ya tsaya cik, sannan ya yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. A Yulin 2016 kamfanin gwamnati mai sayen wuta a dunƙule, NBET, ya sa hannu da kamfanoni 14 domin gina tashoshin sola masu jimillar megawat 1,125, yawancinsu a Arewa, Jigawa na ciki. An yi ciniki a kan santi 11.5 na dalar Amurka, daga baya gwamnati ta ce ya yi tsada ta nemi 7.5, aka kuma kasa daidaitawa kan lamunin da masu ba da bashi ke nema. Haka takardun suka tsufa a cikin durowa. An kuma yi ta maganar wani katafaren filin sola mai megawat 1,000 a Gwiwa. Waɗanda suka tabbata ƙanana ne, kuma kowannensu an gina shi ne kusa da mai amfani da shi: na kasuwar Sabon Gari a 2018, na Jami'ar Bayero mai megawat 7.1 a 2019, da na Kumbotso mai megawat 10 da Shugaba Buhari ya buɗe a Janairun 2023. A Glasgow, a Nuwamban 2021, Buhari ya yi alƙawarin Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060. Wannan magana ce ta ƙasashen da ke neman sauya wutar da suke da ita. A Kirikasamma maganar ita ce a samu wutar tukuna.

Damunar 2022 ta ƙara wani darasi. Ambaliyar shekarar ta mamaye ƙasar Haɗejiya daga Auyo da Kafin Hausa har Kirikasamma da Guri, ta cinye gonaki, ta rusa gidaje, ta yanke hanyoyi. Ba ita ce ta farko ba, don an ga irinta a 2018 da 2020. Duk abin da za a kafa a wannan ƙasa, turke ne ko taransifoma ko ɗakin batir, in ba a auna tsayin ruwan 2022 an ɗaga shi sama da nan ba, asara aka shirya.

Sai ranar 29 ga Mayu 2023, Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Tashar nan ta ƙananan injuna da ta riƙe yankin shekara 40 ta girgiza a lokaci ɗaya. Manomin rani da ke ban-ruwa duk bayan 'yan kwanaki ya ga kuɗin mai na neman cinye ribar gonar. Wasu suka rage fili, wasu suka juya injunansu zuwa tukunyar gas, masu hali kuma suka sayi faranti da famfon sola. A Nuwamban 2023 aka ƙaddamar da shirin noman alkama na ƙasa a yankin Haɗejiya, wanda ya ƙara buƙatar ban-ruwa a daidai lokacin da mai ya fi ƙarfin talaka. Abin da taruka da takardu suka kasa yi cikin shekara 20, tsadar mai ta yi shi cikin shekara biyu, duk da cewa faɗuwar naira ta hana manomi cin moriyar arahar da faranti ya yi a kasuwar duniya. Dalilin karɓuwar famfon sola ba ɓoyayye ba ne. Ba ya buƙatar batir. Rana ta fito ruwa ya hau, rana ta faɗi aiki ya tsaya, kuma noman rani a lokacin da sama ta fi washewa ake yinsa.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗana nasu a shekarar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta yanke musu wutar da ke ɗauke da kusan kashi 70 cikin 100 na buƙatarsu, ba a mayar ba sai Maris 2024. Tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 a gefen Yamai ta rage musu raɗaɗi da rana. Da dare kuwa sai injunan gas.

Namu ya zo a Oktoban 2024. Tun a Satumba aka lalata turakun layin Shiroro zuwa Mando, kuma 'yan bindiga suka hana ma'aikata shiga dajin su gyara. Arewa ta koma rataye a kan layi ɗaya da ke tasowa daga Ugwuaji a Inugu zuwa Apir a Binuwai. Ranar 21 ga Oktoba shi ma ya faɗi. Kano da Jigawa da Katsina da sauran jihohin Arewa suka yi kwana tara zuwa goma babu wuta, sai ranar 30 ga wata aka fara dawo da ita. Injunan casar shinkafa suka tsaya ko suka koma kan gas mai tsada, ƙanƙara ta zama abin nema, cajin waya ya tashi. A ƙauyuka da yawa na fadama kuwa, ba a ma lura an ɗauke ba, tunda dama babu. Abin da ya ci gaba da aiki a waɗannan kwanaki shi ne burtsatsen sola, da firjin allurar rigakafi na ƙananan asibitoci, irin wanda ke daskarar da ruwa a jikinsa da rana ya riƙe sanyi har wayewar gari ba tare da batir ba.

Kada wannan ya sa a ɗauka sola ta gama magana. Gida ya fi buƙatar wuta daga magariba zuwa bayan isha'i, lokacin da faranti ba ya ba da komai. A watan Agusta hadari kan rufe sama kwana biyu ko uku a jere. Da hunturu ƙura kan kwanta a kan faranti ta rage masa ƙarfi in ba a goge ba. A bazara, lokacin da kowa ke neman fanka, zafin da ya yi yawa yana rage wa faranti kuzari yana kuma gajarta ran batir. Injin casa ko na niƙa kuma, a lokacin tayarwa yakan ja wuta ninki da yawa fiye da lokacin da yake gudu, ƙaramar inbata ba ta ɗauka. Ko ƙasashen da suka yi nisa ba su tsira ba: ranar 28 ga Afrilu 2025 wutar Sifen da Fotugal ta ɗauke gaba ɗaya da tsakar rana, bincike kuma ya nuna matsalar daidaita ƙarfin wuta a kan layi ce. Samar da wuta aiki ɗaya ne, riƙe ta daram wani aikin ne daban, kuma na biyun ne ba mu taɓa ba shi muhimmanci ba.

Tsarin da ya dace da irin wannan ƙasa ba baƙo ba ne ga injiniyoyi. Ƙaramar tashar gari ce, wadda dokokin NERC suka halatta tun 2016: faranti da batir da injin ko-ta-kwana a wuri ɗaya, da mita a kowane gida, a jona ta da layin KEDCO inda yake akwai domin in wuta ta zo a karɓa, in ta tafi gari ya tsaya da ƙafarsa. Ribarta tana ga ayyukan rana. In aka ja casa da niƙa da walda da yin ƙanƙarar masunta zuwa tsakanin hantsi da la'asar, batirin da za a saya domin dare ya ragu, kuɗin wuta ya sauko. Akwai ma farantan manoman rani, waɗanda ke zaman banza duk damina, da za a iya tunanin yadda za su amfani gari. A Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin shirin DARES, wanda REA ke gudanarwa, da nufin kai wuta ga mutum miliyan 17.5 ta irin wannan hanya.

Babban sauyin doka ma ya riga ya faru. A Maris 2023 aka gyara tsarin mulki, a Yunin shekarar aka sa hannu kan sabuwar dokar lantarki, jihohi suka sami ikon samar da wuta da rarraba ta da sa ido a kan kasuwarta a cikin iyakokinsu. Uzurin cewa komai sai Abuja ya ragu ƙwarai. Gwamna Umar Namadi ɗan Kafin Hausa ne, ɗan wannan masarauta, ba sai an yi masa bayanin ambaliya ko kacala ba.

Roƙona ga 'yan majalisar da ke wakiltar Kirikasamma da Guri da Birniwa, da masu riƙe da ƙananan hukumomin, shi ne duk aikin wutar da za a kawo musu nan gaba, kafin a kafa turke ɗaya su nemi a rubuta musu abu uku a takarda: awa nawa za a samu a rana a watan Agusta, wa zai canja batir in ya mutu kuma da kuɗin wa, sannan ɗan garin da za a koya wa gyara, a wace rana zai fara koyo.